Allon hanya: tsawon ransa yana ga turkensa

Duk shekara, da zarar guguwar farkon damina ta wuce, wanda ya zagaya bakin kasuwanninmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai zai tarar da allunan hanya iri uku: wanda ya kwanta ƙasa, wanda ya sunkuya kamar mai gaida sarki, da wanda ya juya baya yana yi wa bango magana. Galibi allon kansa lafiyarsa lau, fentinsa bai ma kwaile ba. Turken ƙarfen da ke ɗauke da shi ne ya gaza, ko dai ƙarfen ba shi da kauri, ko tsatsa ta cinye gindinsa, ko kuma ramin da aka kafa shi bai kai ko tsawon kamu biyu ba.

Wani zai ce mene ne ruwan ɗan kasuwa da turken allo, ai aikin meri ne. Ruwansa ne ƙwarai. Allon da ke hana ajiye mota a ƙofar kasuwa shi ke buɗe wa mai kura da mai amalanke hanya su shigo da kaya. Shi ke sa babbar mota ta sauke buhuna a inda aka keɓe mata, ta bar gaban teburin mai tumatir da mai yaji. Ranar da wuta ta tashi kuma, Allah ya kiyaye, shi ke barin hanyar da motar ƴan kwana-kwana za ta bi. Ba mu manta ba, babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwar Yamai kuma ta ƙone a 2012. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san mintoci goma na jiran a janye mota guda daga bakin ƙofa suna iya cinye dukiyar shekara ashirin.

Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jaha-jaha sun kawo sabbin tituna da sabbin alluna: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Kowa na iya fita yau ya ƙirga nawa ne ke tsaye daram a unguwarsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da ku kan wannan magana, musamman shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu adashe, waɗanda sau da yawa su ke haɗa kuɗi in za a yi gyara a bakin kasuwa. In kun san abin da ake nema ga turke, mai walda ko ɗan kwangila ba zai sayar maku da gwangwani da sunan ƙarfe ba.

Ba kowa ke kafa allo ba

Kafin maganar ƙarfe, akwai maganar izini. Allon hanya doka ce da aka rubuta a kan kwano. Mai shago ba shi da ikon ya wayi gari ya kafa alamar hana tsayawa a ƙofarsa don ya tsare wa motarsa inuwa. Titunan cikin gari suna hannun meri. Manyan hanyoyin ƙasa kuma, kamar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har zuwa Difa, suna hannun ma'aikatar gwamnati mai kula da hanyoyi. Akwai kuma hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra. Abin da ƙungiya za ta yi shi ne ta rubuta takarda zuwa meri, ta faɗi wurin da take so da dalilinta, ta ce a shirye take ta ba da gudummawa. In hukuma ta amince a rubuce, to ɗan sanda na da abin kafa hujja ranar da wani ya taka doka. Allon da aka kafa ba da izini ba kuwa, ranar rusau tare da rumfuna za a kwashe shi.

Siffar allo ma ba son rai ba ce. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Biyena a 1968 ita ta daidaita siffofi da launuka a ƙasashe da yawa, allunanmu kuma samfurin na Faransa suke bi. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne. Mai da'ira da jan baki hani ne. Da'ira shuɗiya mai jan baki da jan layi guda a karkace tana nufin kada a ajiye mota. In layukan biyu ne sun gitta juna, ko tsayawar sauke fasinja an hana. Shuɗi mai kusurwa huɗu da harafin P a tsakiya shi ne wurin ajiye motoci. Direban da ya taso daga Kano ko Kwatano, ko bai iya karatu ba, siffar yake ganewa, don haka kada a bar mai fenti ya ƙirƙiro tasa.

Ƙarfe a kan sikeli ake saninsa

Turakun da aka saba amfani da su bututun ƙarfe ne iri biyu. Akwai mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 80 a 40, ko 80 a 80 in allon babba ne. Akwai kuma zagayayye mai faɗin milimita 60 ko 76. Mai kusurwa huɗu ya fi mana kyau a bakin kasuwa saboda dalili guda: allo ba ya juyawa a kansa. A kan zagayayye, in ɗaurin ya saki kaɗan, iska ko yaro mai wasa na iya juyar da allon ya fuskanci wani gefen, direba ya zo ya ce bai ga komai ba.

Inda ake cuta shi ne kaurin jikin bututun. A ido, bututu mai kaurin milimita 1 da mai milimita 2 duk ɗaya suke, musamman in an shafa masu fenti. Ga allo na cikin gari, kada a yarda da ƙasa da milimita 2. To yaya za a sani? Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin aikin sikeli. Sandar bututu mai faɗin 80 a 40, kauri milimita 2, tsawo mita 6, tana auna wajen kilo 21 zuwa 22. Mai milimita 1,5 tana auna wajen kilo 16. Mai milimita 1 ba ta wuce kilo 11. Zagayayye mai faɗin 60 da kauri milimita 2 yana auna wajen kilo 17. A ɗora sandar a sikelin da ake auna buhun wake ko albasa, a gani da ido. Mai sayarwar da ya ƙi a auna, ya riga ya ba ku amsa. A sa mita a auna tsawon ma, don wasu sandunan da ake kira na mita 6 ba su cika ba.

Abu na biyu shi ne rigar ƙarfen. Akwai baƙin ƙarfe, wanda sai an yi masa fenti, akwai kuma wanda masu sayarwa ke kira galba, wato wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450 har ta lulluɓe shi ciki da waje. Tutiyar ce ke karɓar tsatsa a madadin ƙarfen. Ko an ƙwarzane shi kaɗan, tutiyar da ke gefen ƙwarzanen tana ci gaba da kare wurin. Galba na gaskiya tokatoka ne, wani lokaci da zane-zane kamar ɓawon kifi, kuma in ka leƙa cikin bututun za ka ga launi ɗaya ne da waje. Wanda aka fesa wa fenti mai ruwan azurfa don yaudara, cikinsa baƙi ne, kuma bakin makulli na kankare fentin nan take.

Wani zai ce ƙasarmu busasshiya ce, me ya kawo maganar tsatsa? A sararin daji haka ne, baƙin ƙarfe na iya daɗewa. Bakin kasuwa daban yake. Nan ake zubar da ruwan wanke-wanke da ruwan kifi, nan ake ɗaure jakuna da awaki su yi fitsari, nan shara ke taruwa ta riƙe laima har bayan damina. Shi ya sa turke ba ya ruɓewa daga sama, daidai inda ya haɗu da ƙasa yake ci, har rana guda ya karye kamar karan dawa. In kuɗin galba ya gagara, a goge baƙin ƙarfen tas, a shafa masa maganin tsatsa shafi biyu kafin fenti, a kuma shafe gindin da kwalta tun daga ƙasa har kamu guda sama da inda kankare zai tsaya. Amma a sani wannan fentin sai an riƙa sabunta shi. Araha ba ta ado.

Kada a raba sanda gida biyu

Ga wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mai walda ya sayi sanda mai mita 6, ya yanka ta tsakiya don ya samu turaku biyu masu mita 3. Mu yi lissafi tare. Santimita 50 za su shiga ƙasa. Allo mai da'ira na cikin gari yana da faɗin santimita 65. Abin da ya rage daga ƙasa zuwa bakin allon mita 1 ne da santimita 85. Macen da ta ɗauko tire ko ƙwaryar fura a ka, ko ɗan dako da buhu a kai, da bakin kwanon nan za su yi karo. Mai teburi kuma in ya kafa laimarsa, allon ya ɓace gaba ɗaya.

Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi a samfurin Faransa ita ce a cikin gari, inda mutane ke bi ta ƙarƙashi, bakin allon na ƙasa ya kai mita 2 da santimita 30. A bayan gari, inda babu masu tafiya ƙasa, mita 1 ya isa, don fitilar mota ta haske shi da kyau. Ke nan turken cikin gari yana son mita 3 da rabi. Ragowar mita 2 da rabi ba asara ba ce: daidai take da turken allon gargaɗi na bayan gari, ko a yanka ta a yi gajerun turakun tsare gefen titi. Abin da ba a so shi ne a haɗa guntaye da walda don a cika tsawo, don wurin haɗin nan ne zai fara karyewa.

Abin da iska ke yi wa allo

Mutane da yawa na ganin ɗan kwano mai kilo uku ko huɗu ba ya buƙatar wani turke na kirki. Nauyin kwanon ba shi ne matsala ba, faɗinsa ne. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana tura allo mai faɗin mita 1 a mita 1 da ƙarfin da ya haura kilo 50, wato buhun siminti guda. A kan da'ira mai santimita 65, turin ya kusa kilo 20. A kan mai santimita 85, ya haura kilo 30. Kuma turin nan can sama yake, mita biyu da rabi daga ƙasa, don haka a gindi yana ninkuwa, kamar yadda dogon icce ke ɗaga dutsen da hannu ba ya iya motsawa. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkuwa huɗu yake yi.

Wannan lissafi ya shafi masu shaguna ma. Allon talla mai mita 2 a mita 1 yana karɓar fiye da kilo 100 a irin wannan iska. Irinsa turaku biyu yake so, kowane da raminsa. Haka nan kada a bari wani ya zo ya rataya allon tallarsa a kan turken allon hanya. Turken da aka auna don allo guda, in an ƙara masa na biyu da na uku, guguwar farko za ta kwantar da su duka.

Duk da haka, ƙarfi ma in ya wuce kima haɗari ne. Mun sha ganin inda aka kafa katon ƙarfen gini ko bututun rijiya aka cika shi da kankare don kada mota ta kayar da shi. Ranar da ɗan kabu-kabu ya kauce wa rami ya yi karo da irin wannan, turken zai tsaya, mutumin ne zai karye. Turke mai kyau yana jure iska, amma in mota ta buge shi sai ya lanƙwashe. Sabon turke ana sayensa a kasuwa.

Rami da kankare

Tun ran gini ran zane. Kafin a sa diga, a tambayi meri da maƙwabta inda bututun ruwa, wayar NIGELEC ko wayar tarho suka bi ta ƙarƙashin ƙasa. A nesanta da bakin magudanar ruwa, don damina za ta zaizaye gindin.

A ƙasa mai tauri, rami mai faɗin santimita 40 a 40 da zurfin 50 ya isa ga ƙaramin allo, kuma zai ci wajen rabin buhun siminti. A ƙasar rairayi irin ta jigawa, wadda ta fi yawa a yankunanmu, a faɗaɗa shi zuwa 50 a 50, zurfi 60, a ba shi buhu guda cur, a kuma ƙara wa turken tsawon da ya shige ƙasa. Bangon ramin ya sauka a miƙe. In aka haƙa shi kamar ƙwarya, sama da faɗi ƙasa a tsuke, dunƙulen kankaren zai riƙa girgiza har ya tuge.

Kwaɓin shi ne awo 1 na siminti, awo 2 na rairayi mai tsabta, awo 3 na tsakuwa, da ruwa daidai gwargwado. Ko na Malbaza ne ko wanda aka shigo da shi daga Najeriya, a duba buhun kada ya zama ya sha laima ya dunƙule. Magina na son tsinka kwaɓi don ya yi saurin zuba, amma ruwa in ya yi yawa kankare ba ya ƙarfi. Kafin a sa turken a rami, a liƙa masa guntun rodi a gicciye a gindi. Shi ke hana a juya shi ko a zare shi sama. A tsayar da shi da ma'aunin magina ta fuska biyu, gaba da gefe, a tokare shi da itace, sannan a zuba kankaren ana soka shi da sanda don ya zauna. A ƙarshe a tayar da saman kaɗan sama da ƙasa, a yi masa gangare kamar bayan kunkuru, don ruwa ya riƙa gudu daga jikin ƙarfen.

Sai haƙuri. Kankare ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. A zafin watan Afrilu da Mayu, in an bar shi a rana zai tsattsage. A rufe shi da tsohon buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Kada a ɗaura allon ranar da aka zuba, a bari ya kwana biyu ko uku tukuna. A toshe bakin bututun na sama da murfi, in ba haka ba ruwan sama zai taru a ciki ya ci shi ta inda ido ba ya gani.

Inda zai tsaya da inda zai duba

Bakin allon na wajen titi ya nesanta da bakin kwalta da kamar santimita 70, don madubin babbar mota ko buhunan da suka zarce gefe kada su kwashe shi. Inda wuri ya matse a cikin gari ana iya ragewa, amma kada allon ya leƙa kan titi. Ya kasance a hannun dama na direba, ba bayan bedi ko rumfa ba. Allon gargaɗi ana sa shi kamar mita 50 kafin wurin haɗari a cikin gari, mita 150 a bayan gari, don direba ya samu lokacin taka birki. Na hana ajiye mota kuma daga inda aka kafa shi dokar ke fara aiki, don haka a farkon wurin ake sa shi.

A nemi allo mai fatar da ke mayar da hasken fitila. Fenti kawai, da magariba ta yi ya ɓace, alhali motocin kaya da yawa da dare ko da asuba suke isowa. A ɗan karkata fuskarsa kaɗan wajen daji don kada hasken ya koma ya kashe wa direba ido.

Ɓarawo da mai ɗaure akuya

Tsohon ƙarfe na da kasuwa, kowa ya sani. Allon sanholo ya fi jan hankalin ɓarawo, don da shi ake zuba tukwane. Na kwanon ƙarfe mai tutiya bai kai shi kuɗi a wurin masu awo ba. In an ɗaure allon da noti, a doddoke bakin zaren da guduma yadda ba zai kwantu ba. In walda aka yi a jikin galba, a sani wuta na ƙone tutiyar wurin, sai an shafa maganin tsatsa, kuma hayaƙinta na cutar da ƙirji, mai walda ya yi aikin a sarari. Masu sayen tsohon ƙarfe kuma muna roƙonsu: wanda ya kawo maku allon hanya ko turkensa, kayan jama'a ne ya kawo, kada ku saya.

Ragowar kulawa tana hannunmu da ke zaune kusa da shi kullum. Turken allo ba wurin ɗaure akuya ba ne, ba ginshiƙin rumfa ba ne, ba wurin ɗaura igiyar shanya ba ne. Kada a liƙa masa takardun talla ko hotunan ƴan takara. A share sharar gindinsa, a goge masa ƙurar hunturu, sannan kafin damina ta faɗi a girgiza shi a gani ko ya fara motsi. In ya karkata a sanar da meri tun bai faɗi ba.

Ga ƙungiyar da za ta fitar da kuɗinta, shawararmu ita ce a rubuta komai a takarda kafin a ba da ko dala: faɗin bututu, kaurinsa, ko galba ne ko baƙi, tsawon turke, girman rami da yawan siminti. A wakilta mutum biyu, namiji da mace, su tsaya a kan sikeli ranar sayen ƙarfe, su kuma tsaya a bakin rami ranar zuba kankare, don abin da ya shige ƙasa ba ya sake ganuwa. Cikon kuɗin aiki kuma a riƙe shi sai an ɗaura allo, an ga ya miƙe, meri ta zo ta shaida.